Babana Ne Wancan

Danko ake ce masa tun yana saurayi, lokacin da yake tsaron gida a wasan ƙwallon unguwa, don in ƙwallo ta taɓa hannunsa to ta manne ke nan. Yanzu gwiwa ta ƙi, tumbi ya fito, faci yake yi a bakin titi. Amma in ka kawo masa taya, sai ka sha labarin bugun fanaretin da ya taɓa turewa kafin iska ta shiga.

Labari ɗaya ne ba ya bayarwa, na 'yarsa Auta. Ta kai shekarun budurci, amma hankalinta na tafiya a hankali, cokali ma kan suɓuce mata. Yana sonta, wannan ba shakka. Kunyar fita da ita ce ta yi masa katutu, kuma ya sani.

Ran Asabar mahaifiyarta ke kai ta filin wata makaranta, inda wata malama ke koya wa yara irinta gudu da tsalle da cafe ƙwallo. Wata Asabar zazzaɓi ya kwantar da uwar, dole Danko ya ja ƙafa. Auta ta shiga fili, shi kuwa ya maƙale a jikin wayar shingen filin kamar mai jiran mota.

Sai ga wani direba, tsohon mai kawo masa aiki.

"Danko! Me ya kawo ka nan?"

"Rakiya na yi," in ji shi. "'Yar maƙwabta ce."

Bakinsa bai rufe ba malamar ta tafa hannu. Tsarinta shi ne kowane yaro ya yi wasan jifan ƙwallo tare da wanda ya kawo shi: ka kira sunansa, ka jira ya dube ka, sannan ka jefa. Danko ya shiga yana jin idon direban a ƙeyarsa. Ya tsaya dab da Auta, ya ɗora mata ƙwallon a tafin hannu, don a gama a wuce wurin ba tare da ta faɗi ƙasa ba.

Auta ta ɓata fuska. "Ba haka ba ne. Matsa baya."

Ya ja taku ɗaya.

"Ƙara. Mama ma can take tsayawa."

Ya yi ta ja da baya har ya kai wani farin layi. Ashe watanni ke nan tana cafewa daga nan, shi da ke gida ɗaya da ita bai sani ba. Ya kira ta, ta ɗago, ya jefa. Ta farko ta doki kafaɗarta ta gangare. Ta bi ta da gudunta mai tangaɗi, ta ɗauko, ta dawo masa da ita. Ta biyu kuwa ta rungume ta a ƙirji gam.

Ta juya wajen sauran yara tana tsalle, muryarta har bakin titi.

"Kun gani? Babana ne ya jefo! Babana ne wancan!"

Kunya ta rufe Danko, irin wadda bai taɓa ji ba. Direban na nan riƙe da wayar shingen. Danko ya taka har gabansa.

"Ƙarya na yi maka ɗazu," ya ce. "'Yata ce. Ni na haife ta."