Mu Uku Muka Tafi Riyad, Ni Kaɗai Na Shiga Aji

Malumfashi zuwa Kano

Ko kiran assalatu ba a yi ba na fito da jakata, samarin gidan duk suna barci. Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, ina riƙe da wani gida a Malumfashi inda muke kula da samari marasa galihu, marayu da waɗanda iyaye suka rabu suka bar su babu mai duba su. Abin da ya tashe ni kuwa sababbin ƙa'idojin lasisi ne da hukuma ta fito da su. Daga cikinsu, duk gidan da yara ke kwana dole shugabansa ya nuna shaidar samun horo, in ba haka ba a rufe gidan. Wasu masu aikin agaji suka ɗauki nauyin mutum uku daga ƙungiyarmu ta masu irin waɗannan gidaje, mu je Riyad mu ga yadda wani gida a can ya tsallake irin wannan sauyi.

Motar haya ta bi da mu ta Dayi da Gwarzo. Shingen jami'an tsaro kam mun sha shi, kowanne sai an haska fuskokinmu an leƙa but ɗin motar. Hantsi ya yi muka shiga Kano ta Kabuga.

A filin jirgi ne raina ya fara ɓaci. Na tarar da Hajiya Talatu zaune a kan akwatinta ta zuba tagumi. Ita ce mai gidan kula da 'yan mata marayu a Funtua, tana wannan aiki tun kafin in san ana yinsa, kuma ita ce ta ukunmu.

"Malam Habu, wai bizata ce ba ta fito ba," in ji ta. "Sai da na iso nan ake gaya mini."

Na nufi shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Mamman, wanda shi ma yana cikin tafiyar. Kusa da shi ga surukinsa Alhaji Nura, mai sayar da shadda, riƙe da fasfo.

"Ranka ya daɗe, yaya aka yi haka?"

"Kai dai bari, Malam. Da kujera ta tafi a banza, gara Nura ya cike ta."

Na dubi fasfon nan. Ko yaro ya san ba a buga biza a bakin ƙofar jirgi. An daɗe da shirya wannan abu, aka bar dattijuwa ta taso tun daga Funtua. Na koma wajenta. Ta ce, "Je ka, ƙanena, ka buɗe kunne da kyau. In aka rufe mu, 'yan matan nan ba su da inda za su."

Saukarmu Riyad

Mun yada zango a Jidda, muka canza jirgi, sai da dare ya yi muka sauka Riyad. Direban da aka turo mana Bahaushen Maraɗi ne, sunansa Illiyasu, ya daɗe a garin har Hausarsa ta gauraye da Larabci.

"Marhaba da mutanen gida! Yalla, ku shiga, akwai zahama a hanya."

Cunkoson motoci yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba. Tituna ne masu faɗi, gada kan gada, ga jirgin ƙasa na wucewa a sama, amma tafiya muke kamar ana turawa. Masaukinmu a unguwar Nasiriya yake. Aka kawo shinkafar kabsa da kaza, su Alhaji suka ci suna lissafin kasuwannin da za su shiga. Ni kam na ɗan taɓa na tashi.

Ranar farko

Da safe na karya da gurasar tamis da wake, na zauna jiran su. Da Alhaji Mamman ya sauko cewa ya yi, "Malam Habu, kai ne mai Larabci, ka wakilce mu yau. Mu za mu ɗan leƙa kasuwar Batha."

Illiyasu ya kai ni ni kaɗai. Gidan yana can gefen gari, na samari ne kamar nawa. Shugabansa Ustaz Fahad, wani siriri mai furfura a gemu, ya tarbe mu tare da baƙi daga Sudan da Chadi. Bai zaunar da mu a aji ba sai da ya zagaya da mu. Kowane yaro da gadonsa da durowarsa mai makulli. Babu ƙofar ɗakin kwana da ake kullewa ta waje. Kowane sashe yana da ƙofa ta biyu saboda gobara, da ma'aikacin da ba ya runtsawa har gari ya waye. A bango akwai waya wadda yaro zai kira wani jami'i na waje ya kai ƙara, ko da ƙarar Ustaz ɗin ce da kansa. Wanda ya kusa barin gida kuma tun da wuri ake sama masa sana'a da wurin zama.

Ina kallo ina kwatanta shi da gidana. Na kasa haƙuri na ce, "Ustaz, ku kuna da kuɗi. Mu katifa ma sai mun roƙa. Ta ina za mu fara?"

Ya dube ni ya ce, "Da gaskiyarka, ya akhi. Amma abin da ya fi ba mu wahala ba na kuɗi ba ne. Hana ma'aikata duka da tsawa, da sa su yarda yaro yana da bakin magana, shi ya fi cin lokaci. Ka fara da wannan, da fasa ƙofa ta biyu. Masu duba gida sun fi tambayar yara a kan su tambayi bango."

Da na koma masauki na naɗi murya na tura wa Hajiya Talatu duk abin da na gani. Ta amso da tambayoyi sun fi nawa kaifi.

Rana ta biyu

Yau ma ni kaɗai. Su Alhaji sun tafi Dir'iyya ɗaukar hoto a tsoffin gine-ginen laka. A gidan kuwa aka gwada mana yadda ake fitar da yara in wuta ta tashi, da yadda ake tantance mutum kafin a ɗauke shi aiki cikin yara. Ustaz Fahad ya tambaye ni ina 'yan'uwana, na ce su zai tambaya.

Bayan magariba muna cin abinci, Alhaji Nura ya baje ledojin turare da abayoyi, sannan ya dube ni yana murmushi.

"Malam Habu, gobe ne ake ba da takardar shaidar horon ko? Ina da wani kango a bayan gari. In ta shigo hannu, katifu zan zuba in tara yara. Masu tallafi takarda kawai suke dubawa."

Na ajiye cokali. Ashe ba yawon buɗe ido kaɗai ya kawo shi ba. Mutumin da bai taɓa kwana a kan yaro mai zazzaɓi ba zai sami lasisi, matar da ta aurar da marayu ba adadi a rufe mata gida.

"Alhaji, yaran nan mutane ne fa, ba dilar shadda ba."

Alhaji Mamman ya ɗaga mini hannu. "Malam, a bar maganar nan. Gobe in an tambaya, ka ce ba mu da lafiya ne, kai kake kawo mana darasi a masauki."

Ranar ƙarshe

Sai ga su sun riga ni shiga mota, manyan riguna sun sha guga, ƙamshi kamar a rumfar mai turare. A zauren taro aka fara kiran suna. Da aka zo kanmu, Ustaz Fahad ya tsaya da takardu uku a hannunsa.

"Shugabanku ya ce rashin lafiya ce ta hana su zuwa, kuma ka karantar da su komai. Haka ne, Ustaz Habu?"

Alhaji Mamman ya taka mini ƙafa. Na janye ta, na miƙe.

"Ba haka ba ne. Lafiyarsu ƙalau, kasuwa suka tafi. Wannan kuma, Alhaji Nura, ba shi da gidan yara ko ɗaya. Wadda aka ba kujerar tana Funtua, an cire sunanta."

Ustaz ya miƙa mini tawa, ya kife sauran biyun a kan tebur, ya kira suna na gaba. Da aka tashi ya ja ni gefe ya tambayi labarin Hajiya Talatu. Ya ce zai yi magana da masu ɗaukar nauyi, in sun yarda ya maimaita horon ta bidiyo ga ita da duk mai gida na gaskiya.

A mota Alhaji Mamman ya fashe. "Ka tozarta ni a ƙasar mutane! Ka manta neman lasisinka sai da sa hannun ƙungiya? To, mu zuba mu gani."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma ba zan yi ƙarya a kan marayu ba."

Da Illiyasu ke sauke mini jaka a filin jirgi, ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Wallahi, Malam, ka biya ni. Allah ya tsare. Ma'assalama."

Komawa gida

Daga Riyad har Kano ko kallona ba su yi ba. Motar gida ta zo ta kwashe su da kayansu, ni na nufi tasha. La'asar sakaliya na isa Malumfashi, samarina suka yo kaina da gudu, wannan ya karɓi jaka, wancan yana tambayar tsaraba. Dabino kawai na riƙo musu.

Ustaz Fahad ya cika alkawari. A zauren gidana muka jingina waya a kan kujera, Hajiya Talatu da wasu masu gidaje suka zauna a tabarma suka ɗauki darasi. Takardarta ta zo, an duba gidanta, lasisinta ya fito. Ni kuma mun fasa ƙofa ta biyu ni da samarina da hannunmu, amma an cire ni daga kwamitin ƙungiya, kuma takardar neman lasisina tana kan teburin Alhaji Mamman har yau da nake wannan rubutu. Na kai kuka gaba, ina jiran amsa, yarana kuma kullum sai sun tambaye ni ko za a rufe mu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa masu agajin da suka biya kuɗin jirgi da kyakkyawar niyya, da Ustaz Fahad, da Illiyasu mutumin Maraɗi. Waɗanda ban ambata ba, ba mantuwa na yi ba.