Ina Jinin Yake Hawa?

Har in koma ga Allah ba zan manta da abin da kalma biyu suka yi wa maigidana ba. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa.

Mahauci ne a kasuwar Mubi. Bayan mun dawo daga gudun hijira, ƙeyarsa ta dinga sara. A asibiti aka ɗaura masa abin awo a damtse, aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi. Muna cikin keke napep na kasa haƙuri.

"Malam, wai ina jinin yake hawa?"

"Ke dai da tambaya! Yawa ya yi. Ni da nake yanka shanu kullum za a koya wa jini? In tulu ya cika ai ragewa ake yi."

Washegari ya kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Na leƙa, na ga baƙin jini a kasko.

"Kin gani? Ga hawan nan ya sauka."

Ya ajiye ƙwayoyin a taga, ya koma kan tsirensa da gishirinsa. Ni ma na gamsu, tunda na gani da idona. Duk sanda kai ya sara, sai a kira wanzami.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace. Bai ƙara yi mini tsiya ba har ya rasu.

Da na fita takaba na je awo, ni ma aka ce ina da hawan jinin. Sai na yi wa malamar asibitin tambayar nan tawa.

Ta ce, "Mama, kin ga masu ban ruwa a lambunan Mayo Bani? In suka matse bakin tiyo, ruwan ƙaruwa yake yi?"

Na ce, "A'a, ƙarfi dai yake yi."

"To haka jinin yake. Bai yi yawa ba, hanyarsa ce ta matse. Ƙaho ba ya buɗe ta."

Na zauna ina kallon damtsena. Ashe tambayata daidai ce, wurin yin ta ne aka kuskure.

Yanzu ƙwayata tana ƙulle a bakin zanena, ba na fashi. Abin da na koya shi ne, in aka faɗa maka sunan ciwo, kada ka tashi daga kujerar sai ka tambayi ma'anarsa, ko da za a ce ka cika tambaya.