Kek Mai Lamba Ashirin da Uku

Merle Tapscott ba ta yar da komai. Robar madara, igiyar buhu, har tsohuwar katifar karenta, duk suna jibge a garejinta. Shekara ashirin ta yi tana haɗa kiran waya a garinmu. Da aka rufe ofishin wayar sai ta koma wa kwamfuta, ta koyi manhajar Linux da kanta tana da shekara sittin. Ita ke riƙe da rajistar gasar kek a bikin noma.

A gasar nan ba a rubuta suna. Ka ajiye kek ɗinka ka tafi, Merle ta manna masa lamba, don kada alƙaliya ta yi son kai. Sunayen kuwa suna cikin kwamfutarta kaɗai.

Bara sai shuɗin ƙyallen da ake ba wanda ya zo na ɗaya ya sauka kan lamba ashirin da uku. Na ce nawa ne. Maƙwabciyata Glenys, wadda kek ɗinta ke fitowa kamar bulo, ta rantse nata ne. Wallahi saura kaɗan in shaƙe ta. Muka ɗunguma teburin Merle ta raba mu.

Ta kunna kwamfuta, allo ya yi baƙi, ya zubo rubutu, ya tsaya cik. Ashe jiya ta sabunta kanel, wato ƙashin bayan manhajar da ke tayar da na'urar. Ta sake kunnawa, ta zare wayar na'urar buga takarda, duk a banza. Glenys ta ba da shawarar a mangare ta. Merle kuwa ko a jikinta, shayinta take kurɓa.

Sai ta danne wani maɓalli yayin kunnawa, jeri ya fito: tsofaffin kanel har goma sha ɗaya, ko ɗaya ba ta goge ba. Su ne suka cushe ma'ajiyar na'urar har sabon ya kasa zama daidai. Na ce mata garejin nata ya biyo ta cikin na'ura. Ta zaɓi na watan jiya, kwamfuta ta tashi garau.

Ta duba rajistar, ta cire tabarau.

"Ba na ɗayanku ba ne. Na Beryl Hobden ne."

Beryl ta rasu tun watan Afrilu. Mijinta Clarrie, tsohon mai askin tumaki da ko ƙwai bai iya soyawa ba, yana tsaye a bakin rumfa, hula a hannu. Ya ce takardar haɗin kek da ta rubuta da hannunta ya bi, sai da ya ƙona kek huɗu kafin wannan.

"Shekara talatin ba ta taɓa fashin gasar nan ba," in ji shi. "Ban ga dalilin da za ta fara bana ba."

Kunya ta rufe ni. Glenys ce ta je ta ɗauko masa ƙyallen.