Tayar baya ta motar Baba

Ranar wata Juma'a ce bayan girbin gero, ina aji huɗu a firamare, aka kawo wa mahaifina motarsa ta farko a Shinkafi. Malamin makaranta ne, ya daɗe yana tara kuɗinta. Amininsa Baba Sale, direba mazaunin Kaura Namoda, shi ya je Kwatano ya sayo ta, babu takarda babu shaida, don tare suka yi karatun allo. Unguwa ta taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, mata na leƙe ta katanga, kowa na cewa Allah ya sa a kashe lafiya.

Ni yaro ne mai rawar kai da sakin baki, aikina gara tsohuwar taya daga gida zuwa rijiya ana kirana ina ƙi. Ina zagaya motar na ga tayoyi uku zanensu ɗaya, ɗaya ta baya kuwa ƙarama ce, ta suɗe, har da faci. Na san ta sarai, a jikin a-kori-kurar Baba Sale take, wadda muke hawa idan ya zo kwasar dawa. Sai na faɗa da ƙarfi a gaban jama'a. Baba Sale ya yi dariya ya shafa kaina, mahaifina ya tura ni ban ruwan tumaki.

Mahaifina bai tambayi Baba Sale ba, a wurinsu kunya ce. Da sati ya zagayo ya ɗauke ni zuwa Kaura, ya ajiye motar yadda tayar za ta fuskanci tabarmar da Baba Sale ke zama. A-kori-kurar na gefe da sabuwar taya a gaba. Suka ci tuwo, suka yi la'asar, suka yi hirar farashin wake, mahaifina yana jira. Baba Sale bai taɓo zancen tayar ba. A hanyar komawa, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Da ya ce mani yana so, da huɗun duka na ba shi."

Sun ci gaba da gaisawa a suna da jana'iza, amma tuwo bai sake haɗa su ba. Yau hanyar Kaura sai da addu'a, ni kuma ko akuya zan saya sai an turo mini hotonta a waya. Da Baba Sale ya rasu, mahaifina ne ya wanke shi.