Maginin da Ya Dawo daga Tsibiri

A kasuwar Dawakin Tofa, gindin tsamiya, wani dogon mutum yana tsugune yana zane a ƙasa da tsinke. Hularsa ta Turawa ce, ta koɗe, hannuwansa duk sun yi kanta. An ce magini ne, shekara tara yana tsibirin Fanando Fo yana yi wa Turawan Sifen gini, ba irin Turawanmu na unguwar Nasarawa ba. Aiki yake nema kafin damina, kawuna Sammani kuma zai gina sabon gida.

"Wannan palasiyo suke ce masa, fada ke nan," in ji maginin. "Ga tore, hasumiyarsa. Nan balkon, inda uwargida take zama a sama tana kallon hanya."

Kawu ya leƙa zanen. "Hanya kuma tana kallonta? Malam, ina zaure? A ina baƙo zai yi sallama?"

Jama'a suka kwashe da dariya, ban da maginin. Ina jin tun cikin jirgin ruwa yake ɗauke da gidan nan a ransa. Ya dubi zanen jim kaɗan, ya shafe shi da tafin hannu.

"Zaure nawa, maigida?"

"Biyu."

"To, gobe a jiƙa ƙasa."