Barau da Taya Ta Biyar

Shekara talatin da ɗaya Barau ya yi yana faci a bakin tashar Birnin Kudu, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ba shi da fara'a, ba ya kuma zaƙin baki. Amma idan ya buga taya da ƙarfe ya kasa kunne, zai faɗa maka iskar da ke ciki tun kafin a sa geji, kuma da wuya gejin ya ƙaryata shi. Direbobi kan bar masa mota da mukulli su tafi masallaci, har da jakar kuɗi a ƙarƙashin kujera. Iyakar dukiyarsa ke nan, wannan yardar.

Yana da wata al'ada da ba ya sassautawa. In ka kawo masa juyen taya, biyar zai juya, ba huɗu ba. Safayar da ke rataye a ƙarƙashin mota sai ta sauko ta taka ƙasa, wata ta hau ta huta. Yakan ce tayar da ba ta aiki bushewa take yi a banza, ran da ka neme ta a dajin Wurno ta fashe maka.

Haka ya yi wa sabuwar a-kori-kurar Alhaji Yahuza, mai fataucin riɗi a Gwaram, wanda shekara ashirin ba wanda ke taɓa masa taya sai Barau. Direbansa Sabo ya ja mota lafiya lau. Bai wuce Kangire ba wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa.

Aka kai motar Kano. Mai gyaran can ya jona kwamfuta, ya ce kowace taya tana da 'yar na'ura a jikin bawul mai gaya wa mota yawan iskarta, kuma ta tayar baya ta dama ba ta nan. Bai sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar ba, wa zai ɓata wandonsa? Ya dai ce masu facin ƙauye sun iya cire ta su sayar.

Ranar kasuwa Alhaji ya tsaya a tasha, ko sauka bai yi ba. Ya sauke gilashi a gaban direbobi da masu lodi da mai shayi.

"Barau, da girmanka? Da ka roƙe ni ai da na ba ka. Ina abin da ka cire a tayata?"

Barau ya miƙe da guduma a hannu, baki buɗe. Bai ma san sunan abin da aka ce ya sata ba. Kafin ya haɗa kalma biyu gilashi ya rufe.

Kwana uku yana juya maganar, abinci ya ƙi shiga. Matarsa Azumi ta ce ya bar wa Allah. Ya ce zai bar wa Allah, amma sai ya gani da idonsa tukuna. Taya guda ce kaɗai ta shigo sabuwa cikin huɗun nan, safaya. In ita ba ta da na'urar, to mai na'urar tana can inda ya rataye ta da hannunsa.

Ya hau mota zuwa Gwaram da kayan aikinsa a buhu. Ya sami Alhaji a sito shi da Sabo kawai. Barau ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya sauko da tayar da ya rataye, ya sace iskar, ya ɓanɓare bakinta daga wili. Ga na'urar nan manne da bawul, baƙa, ba ta kai akwatin ashana ba.

Alhaji ya duba, ya shafa gemu. "Ikon Allah. Ashe tana nan. To, mayar da ita inda take."

Barau ya yi wa tayar iska, ya mayar da ita gurbinta na baya ta dama, ya ɗaure noti. Sabo ya zagaya da motar, kafin ya dawo fitila ta mutu.

"Alhaji, a tasha ka faɗa," in ji Barau. "Ina roƙon ka zo tasha ka faɗi wannan ma."

"Haba Barau, ai magana ta wuce. Kai ma da laifinka, wa ya ce ka taɓa safaya? Motocin yanzu ba irin naku ba ne."

Alhaji bai zo ba. Sabo kuwa abincinsa yake karewa, ya kama bakinsa. Barau ya ba da labarin a tasha sau biyu, aka ce Allah ya kyauta, da irin muryar da ake yi wa wanda ake jin kunyar ƙaryatawa. Ya daina.

Bayan mako guda Ɗanladi ya kawo faci, direban da Barau ya sani tun yana koyon tuƙi. Aka kira la'asar. Ɗanladi ya dubi masallaci, ya dubi motarsa, ya zare mukulli ya sa a aljihu, ya jawo benci ya zauna dab da hannun Barau.

"Baba, yi aikinka," ya ce. "Na yi sallar daga baya."