Mukayyif ɗin Ɗakin Baƙi

Na daɗe ina sayar da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago a unguwar Madain Fahd da ke Jidda, amma ɗakin mahaifiyata ya gagare ni sanyayawa.

Aikina kullum shi ne in tsaya gaban takardar nan da ake mannawa a jikin kowace na'urar sanyaya ɗaki, ina nuna wa mutane da yatsa: mai kore ba ta shan wuta, mai ja kuwa sai dai haƙuri. A da taurari ake sawa, yanzu an koma haruffa da launi. Na haddace bayanin har ina iya yin sa hankalina yana kan abincin rana. Nakan ƙara da cewa na'ura ita kaɗai ba ta isa ba, a duba rufin gida, a toshe kafofin taga. Sai su gyaɗa kai, su ce gaskiya ne, sannan su sayi mai arha su tafi.

Gidanmu a unguwar Nuzla tsoho ne, hawa biyu. A ƙasa akwai majalis, wato ɗakin baƙi. Gine-ginen maƙwabta sun tare masa rana, ko da azahar ka dafa bangonsa sai ka ji sanyi. A sama kuma ɗakin Umma yake, ƙarƙashin kankaren da ba a taɓa shimfiɗa masa abin tare zafi ba, bangonsa na yamma yana shan rana har magariba. Da ana manna wa ɗakuna irin takardar nan, majalis kore ne, nata kuwa ja ne na can ƙarshe. Mukayyif ɗin da ke ciki tun Baba yana raye aka saye shi. Yana ƙara kamar injin niƙa, yana zubar da ruwa a bokiti, iskar kuwa da ƙyar take kai wa gado.

Umma tana da hawan jini da ciwon suga, likita ya ce zafi ba nata ba ne. Na yi wa mai gidan da muke haya maganar rufin, ya ce in sha Allah, irin wadda ni da shi mun san ma'anarta. Na roƙe ta ta sauko majalis, ta dube ni kamar na ce ta kwana a masallaci. Tun zamanin kakanmu ɗakin nan na alhazan da ke zuwa daga garinsu Umma na asali ne, duk wanda ya sauka Jidda nan yake fara ajiye jakarsa. Yanzu daga filin jirgi ake kwashe su a bas zuwa masauki a Makka, an yi shekaru babu wanda ya kwana mana. Duk da haka kowace Juma'a sai ta sa an share shi, an turara.

Da na gaji da magana sai na sayo mata sabo, mafi kore da muke da shi a shagon. Kuskuren da na yi shi ne na turo mai haɗawa ni ina wurin aiki. Na dawo da yamma na haura sama, na tarar tsohon yana nan yana ƙararsa, Umma tana zaune tana fifita da kwali. Sabon yana ƙasa, liƙe a bangon majalis, har an ɗinka masa rigar leshi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ita na saya wa, kuma babu wanda zai zo.

Ta ce, "Kana so baƙin Allah su iso su tarar na ɗauke mai kyau na ba su saura? Halas, magana ta ƙare, an riga an sa."

Na sauko na tsaya a ɗakin da babu kowa, ina kallon takardar da ko ɓare ta ba a yi ba.

A tsakiyar zafin shekarar, wata rana bayan la'asar, ƙanwata ta kira ni a shago ta ce Umma ta yanke jiki ta faɗi a bakin matakala. Kwana biyu ta yi a asibiti. Likita ya hana ta hawa bene, ya kuma tambaye ni ko babu mukayyif a gidan. Na ce akwai, har biyu. Ban san yadda zan yi masa sauran bayanin ba.

Muka sauko da gadonta majalis. Ta ƙi hawa, ta ce zai ɓata kafet, aka shimfiɗa mata katifa a bakin ƙofa. Na kunna sabon. Babu ƙara, sai sanyi da ya sauko a hankali. Na ga ta lumshe ido, numfashinta ya daidaita, gumin goshinta ya bushe. Na zauna a gefenta, na ji gajiyar shekaru tana sauka daga kafaɗuna.

Ba a yi minti goma ba ta buɗe ido ta taɓa hannuna.

"Ɗan nan, kashe shi haka nan. Kada ya tsufa kafin su zo."

Na ce, "Umma, likita fa ya ce..."

Ta ce ta ji abin da likita ya ce. Ta ci gaba da kallona, ba ta saki hannuna ba. Na miƙa ɗaya hannun na kashe.